Dekodar da na zaɓo wa gidanmu

Tsohuwar dekodar gidanmu ta mutu ne a daren wani hadari, kwana uku da zuwana hutu daga Yamai. Dama ta daɗe tana jinya. Tun shekaru biyu baya tashoshi suka fara ɓace mata ɗaya bayan ɗaya, wasu ka ji magana babu hoto, wasu kuma baƙi ƙirin, har muka saba da sauraren tele kamar rediyo. A daren nan aka yi wata tsawa, kuran ya ɗauke, da ya dawo sai jar fitilar gabanta ta ƙi kamawa. Ƙanena ya shinshina bayanta ya ce, "Ta ƙone."

Bayan sati ɗaya Yaya ya aiko da jika sittin daga Abijan, ya ce a sayi sabuwa. Da daddare Baba ya kira ni zaure, ya miƙo mini kuɗin a naɗe cikin takarda.

"Kai ka yi karatu, kai ka san abin ga. Tahi kasuwa ka zaɓo muna wadda ta dace."

Na ce to, Baba. Ban gaya masa cewa karatun da nake yi na kimiyyar harshe ne, kuma babu darasin dekoda a cikinsa ba. A gida irin namu, wanda ya kai jami'a shi ne likita, shi ne lauya, shi ne mai karanta takardar magani. Ku da kuke karanta wannan kun san haka, don an sa ku ku ma.

Kafin in fita, kowa ya tare ni da buƙatarsa. Baba yana son tashoshin Makka da Madina da na tafsiri, da kuma kokowa idan lokacinta ya zo. Inna ba ta da zance sai Arewa24. Matsalarta ɗaya ce, lokacin da ake sa shirin da take so tana bakin murhu tana tuyar da za a kai bakin titi, in ta gama an gama. Ƙanena, mai shekara goma sha huɗu, ya biyo ni har ƙofar gida yana cewa, "Yaya, don Allah mai balo. Mai Real." Ƙanwata ƴar auta tana son katun. Kaka kuwa, da na tambaye ta, cewa ta yi, "Ni mi na sani? Wadda ba ta da ihu dai."

Ni ma ina da tawa buƙatar, amma ban faɗa wa kowa ba. Zan zo gare ta.

Na hau kabu-kabu zuwa babbar kasuwa, layin masu kayan lantarki. Kwana biyu na yi ina zagayawa ina tambaya, ina rubutawa a bayan wani tsohon kaye, kuma abin da na fahimta shi ne hanya uku ce a gabana.

Ta farko ita ce ta abonama, irin ta Canal+. Ka sayi dekodar da ƙaramin faranti, su zo su kafa, daga nan duk wata ka biya. A lokacin mafi arha jika biyar ne a wata, kuma manyan wasannin Turai suna cikin tsarin da ya fi wannan tsada. Hoto tsaf, ba neman tasha, ba wahala. Akwai Télé Sahel a ciki, akwai Arewa24, akwai balo. Sai dai da na lissafa, jika biyar sau goma sha biyu jika sittin ke nan, wato duk kuɗin da Yaya ya aiko, a shekara ɗaya, ban da kuɗin dekodar kanta. Ranar da wata ya ƙare ba a biya ba kuwa, akwatin ya zama kayan ado.

Ta biyu ita ce dekodar tashoshin kyauta, irin su Strong da ƴan'uwanta da ke shigowa ta Kano da Katsina. Ita sau ɗaya ake biya. Ka juya faranti wajen tauraron da kake so, ka kwashi duk abin da aka saki ba kulle. Babu manyan wasanni a ciki, don waɗannan a kulle suke. Amma tana da ramin USB a gefe, ka sa kile, ka danna jan maɓalli, ta naɗe maka shiri.

Ta uku wani saurayi ne ya nuna mini ita, ya ɗan rage murya. Ita ma kamar ta kyauta take, sai dai ana haɗa ta da intanet ta buɗe tashoshin da ke kulle. "Shekara ɗaya kana kallon komi," in ji shi. Maƙwabcin shagonsa, wani dattijo mai gyara, ya jira ya ba da baya sannan ya ce mini, "Ɗana, wata uku ko huɗu abin ya tsaya, ka dawo ka ce ina mai shago, ya ce ba daga gare shi ba ne." Ko ba wannan ba, na san Baba. In ya ji cewa abin da ake sayarwa ne muke kallo ta bayan gida, da hannunsa zai cire wayar.

Wannan dattijon ne ya koya mini yawancin abin da na sani yanzu. Shi ya gaya mini ciwon tsohuwar dekodarmu: ita MPEG-2 kawai take ganewa, tashoshi kuwa sun yi ta komawa MPEG-4, shi ya sa murya ke zuwa hoto ya ƙi. Ya ce in duba kwali, in ban ga an rubuta DVB-S2 da HD ba, kada in taɓa ko da kyauta aka ba ni. Ya nuna mini wadda suke kira kombo, mai baki biyu a baya, ɗaya na parabol ɗaya na eriya, ta yadda Télé Sahel za ta shigo ta eriya a cikin akwati ɗaya. Ya ce in nemi mai cin bolt 12 ta adafta, don in kuran ya yi mugun dawowa adaftar ce za ta ƙone, ita kuwa arha ce, kuma ranar da babu wuta ana iya ɗaura ta a batirin sola. Tun ɗaukewar wuta ta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana layi, babu wanda ke buƙatar a yi masa dogon bayani kan wannan.

Na tambaye shi batun naɗa, ina yi kamar tambaya ce ta wucewa. Ya ce ƙananan nan kunne ɗaya gare su, ba za ka kalli wata tasha kana naɗar wata ba, sai in dukansu a kan mita ɗaya suke. Ya ce kile ya zama na kirki, ba irin na bakin hanya da aka rubuta 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba. In aka tsara shi a FAT32, fayil ɗaya ba ya wuce giga 4, sai dekodar ta rarraba shirin gida-gida. Sannan ya faɗi abin da kunnena ke jira: abin da dekodar kyauta ta naɗa, kana iya zare kilen ka sa a ordinatar ka buɗe. Na abonama kuwa, ko da tana naɗa, abin a kulle yake zama a cikinta, ba ya fita.

To ga buƙatata. Ina shekarar ƙarshe ta lisansi, kuma aikin da na ɗauka shi ne kwatanta Hausar da ake yi a shirye-shiryen tele na Kano da wadda muke yi a Maraɗi. Su ce "yana zuwa", mu ce "shina zuwa". Su ce "me kake so", mu ce "mi kaka so". Su ce masa da mana, mu ce mishi da muna. Su tafi su sha fura, mu tahi mu sha hura. Don in yi aikin ina buƙatar awoyi da yawa na magana da zan iya tsayarwa, in mayar baya, in rubuta kalma kalma. Sauke su daga intanet kuɗin megas ne da ba ni da su. Dekoda mai ramin USB kuwa, a gidanmu, da kuɗin Yaya, za ta ba ni su a banza.

Saboda haka lokacin da na koma gida na zauna gaban Baba ina jera hujjoji, zuciyata ta riga ta yanke hukunci tun a shagon dattijo. Hujjojin gaskiya ne dukansu. Abonama nauyi ne duk wata a kan gidan da wani watan kuɗin hatsi ma sai an yi dabara. Ta kyauta tana da Makka, tana da tafsiri, tana da Arewa24, kuma Inna za ta iya kallon shirinta bayan ta gama aiki. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Na dai ɓoye hujja ɗaya, wadda ta fi sauran nauyi a wurina. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Abin da ka gani shi na daidai." Ƙanena yana tsaye a bakin ƙofa. Bai ce uffan ba, ya juya ya fita.

Na sayi kombo, da sabon faranti na santimita 90, da waya, da kile, da ɗan akwatin nan mai haɗa kawuna da ake kira DiSEqC, wanda ke ba dekoda ɗaya damar jin faranti fiye da ɗaya. Tsohon farantinmu yana nan bai lalace ba. Mai kafawa ya zo da safe, ya hau saman ɗaki da ƴar na'urarsa mai ƙara, ya juya ɗaya wajen Nilesat, digiri 7 yamma, don tashoshin Larabawa, ɗayan kuma wajen Eutelsat, digiri 16 gabas. Ni ina ƙasa ina kallon sandar sigina ina ihu: "Hamsin! Sittin da biyar! Ya sauka! Mayar kaɗan!" Ya ce mini taurarin nan suna can sama kimanin kilomita 36,000, a tsaye daidai kan tsakiyar duniya, shi ya sa faranti in ya goce da faɗin yatsa ɗaya sai komi ya tafi. Da Ka'aba ta fito a allo, mutane suna ɗawafi, ana ganin har zaren haraminsu, Kaka ta matso da tabarmarta ta ce, "Ikon Allah."

Naɗina na farko abin kunya ne. Na saita dekodar ta ɗauki shirin Inna da kanta, na yi ta cika baki cewa yau za ta ga aikin boko. Bayan isha'i muka taru, na danna, sai ga wani shiri daban, na wani mutum yana ta bayani, daga farko har ƙarshe. Inna ta dube ni ta ce, "Wanga shi na Dadin Kowan?" Kwana biyu ina bincike kafin in gane cewa agogon dekodar daga tauraro yake ɗaukar lokaci, a kan GMT, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Akwai wurin da ake sa +1, ban sa ba. Duk wanda zai saya, wannan ya fara gyarawa. Na biyu kuma, in ruwa na sauka da ƙarfi, hoton yakan farfashe ya tsaya, kuma haka za ta naɗe shi a farfashe. Na uku, in kuran ya ɗauke ana tsakiyar naɗa, sau da yawa fayil ɗin ba ya buɗuwa. Ina da irin waɗannan gawarwakin da yawa a kile.

Amma da abin ya daidaita, ya yi aikin da na faɗa, har ya wuce. Tunda nake ban taɓa ganin Inna ta zauna ta kalli abu daga farkonsa zuwa ƙarshensa ba. Kullum a tsaye take kallo, da ludayi a hannu, tana leƙowa tana tambaya, "Mi ya ce mata?" Yanzu sai ta gama tuya, ta wanke kasko, ta yi salla, sannan ta zauna ta miƙe ƙafa. Ƙanwata ta koya mata maɓalli uku: na kunnawa, na tsayarwa, na mayarwa baya. Ranar da na ga ta tsayar da fim da kanta don ta amsa sallamar maƙwabciya, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya, fuskarta kamar wadda aka ba kyautar saniya, na ji cewa ko don wannan kuɗin Yaya bai tafi a banza ba. Ba a jima ba matan layinmu suka gano cewa a gidanmu shiri ba ya wucewa. Wasu daren tsakar gidan ba wurin taka ƙafa.

Da na dawo hutun ƙarshen shekara, lokacin kokowar takobi ne. Jihohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, Télé Sahel tana nunawa kai tsaye, gari duk ya koma gaban tele. Baba yana kasuwa da rana, saboda haka na naɗe masa. Da dare ya zauna da abokansa biyu, suna sa ni ina mayar da kaye ɗaya sau huɗu sau biyar, suna gardama ko gwiwa ta taɓa ƙasa kafin hannu. Daga nan zance ya koma kan Kantu, ɗan Maraɗi da ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, da yadda ba su da ko hoto mai motsi ɗaya nasa a hannunsu, sai abin da ido ya riƙe. Baba ya nuna kilen da ke maƙale a gefen dekoda ya ce, "Da akwai abin ga a lokacin."

Wannan ɓangaren ke nan da nake son tunawa. Akwai ɗayan.

Ƙanena bai daina kallon balo ba don na sayo dekodar da ba ta da shi. Gidan kallo ya koma, can bayan tasha, inda ake biyan dala ashirin a zauna kan benci cikin hayaƙin taba. Wasannin zakarun Turai da dare ake yin su, ana tashi wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana dawowa a wannan lokacin, ta lungunan da babu fitila. Wani dare aka tare su shi da abokinsa, aka ƙwace salular abokin, shi kuma ya dawo da leɓe a fashe. Inna ba ta yi barci ba. Baba ya hana shi fita, ya yi sati biyu yana bin dokar, daga baya ya fara tsallake katanga. Ina Yamai aka gaya mini ta waya. Na zauna a ɗakinmu na kwanan ɗalibai, ordinatar a buɗe gabana da awoyin maganar da na kwaso, na kasa ci gaba da rubutu.

Na sha gaya wa kaina cewa ko da na zaɓi ta abonama, ba mu da kuɗin tsarin da ke da manyan wasanni, kuma wata biyu za a yi a daina biya. Mai yiwuwa haka ne. Amma ban auna wannan da gaskiya ba a ranar, don ban so awon ya fito da wata amsa ba. Akwai gidajen da ke da dekoda biyu a kan tele ɗaya, ta kyauta don kullum, ta abonama kuma a biya ta a watannin da wasa ya yi zafi kawai, tunda ba dole ba ne a biya kowane wata. Dattijon kasuwa ya ambata mini haka. Na ji, na bar shi ya wuce, don in aka raba kuɗin gida biyu ba za su kai ga kombo da sabon faranti da kile ba.

Sai kuma abin da ya shafi karatuna kai tsaye, wanda ban yi tsammaninsa ba. Ƙanwata, mai shekara bakwai, tana zama kusa da Inna duk dare. Wata rana da safe Kaka ta ce mata ta tahi ta ɗauko hura. Yarinyar ta tsaya ta ce, "Kaka, ba hura ake cewa ba, fura." Aka yi dariya, Kaka ma ta yi, ta ce, "To Bakanuwa." Ni ban yi ba. Abin da nake rubutawa a takarda a matsayin tambayar bincike, ga shi a tsakar gidanmu, kuma ni na sayo shi na kafa masa faranti. Ba na cewa Hausar Kano laifi ce. Da ita nake wannan rubutun, galibi. Kuma a shekarar 2025 da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, mun yi murna a sashenmu. Amma tun ranar nake tambayar kaina wace Hausa ce yaran gidanmu za su ɗauka ita ce ta daidai, in wadda ke fitowa daga allo da kaya masu kyau da motoci ɗaya ce, wadda Kaka ke yi a kan tabarma kuma wata.

A cikin awoyin da na naɗa, babu muryar Kaka ko ta minti ɗaya. Dekoda abin da ya sauko daga sama kawai take ɗauka. Alhali duk daren da ake kallo, Kaka tana gefe tana sharhi, tana zagin mugun fim, tana ba amarya shawara, da kalmomin da wasunsu ban taɓa gani a ƙamus ba. Sai a hutun da ya biyo baya na fara ajiye salulata kusa da ita in an kunna tele, bayan na nemi izininta. Ta ce, "Mi za ka yi da zancen tsohuwa?" Na ce jarrabawa zan ci da shi. Ta ce to Allah shi ba da sa'a. Rabin aikina na ƙarshe daga bakinta ya fito.

A wannan hutun ne kuma na sami ƙanena a bayan gida yana wanke takalmansa, na gaya masa dalilin da ban faɗa a zaure ba. Ya saurara bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "Ai na sani. Na ga kana ta tambayar kile tun kafin ka tahi kasuwa." Na ce masa in bursi ta fito zan sayi ta biyun, ko da ta hannu ce, mu riƙa biya daga watan da aka shiga zagayen kifa ɗaya kwala. Ya ce, "In ta fito." Mu duka mun san yadda bursi take fitowa.

Har yanzu ba ta fito ba. Na dai fara ajiye dala ɗari biyu-biyu daga kuɗin da nake samu na koya wa ƴaƴan wani maƙwabci karatu da yamma. Jiya Inna ta kira ni, ba don gaisuwa ba: kilen ya cika, dekodar ta ƙi naɗa, kuma ba ta yarda a goge ko ɗaya daga cikin nata ba. Ta ce in tambayi Baba ko za a iya share kokowar bara. Na ce mata ita ta tambaye shi.